Kare a Bakin Teku: Abin da Ya Kamata Mu Sani Kafin Mu Kwashi Yara

Da zafi ya shigo, gidajenmu da yawa a Bronx kan ɗaura kular shinkafa da wake, a kwashi yara a nufi Orchard Beach, wasu kuma su shiga jirgin ƙasa har Coney Island ko Rockaway. A can muna haɗuwa da abin da yawancinmu ba mu saba da shi ba, wato mutanen gari da karnukansu. Wasu daga cikin yaranmu da aka haifa a nan ma sun fara ajiye kare. Maganar tsarki da alwala mun bar wa malamai, mu ta lafiya muke yi.

Dokar birnin New York ta hana shiga da kare kan yashi a lokacin wanka. Daga 1 ga Oktoba zuwa 1 ga Mayu ne kawai ake barin kare mai igiya ya taka yashin Coney Island, Brighton, Rockaway da wasu wuraren. Amma a kan hanyar tafiya da ke gefen teku kuna iya cin karo da shi ko da rani. Igiyar ba za ta wuce ƙafa 6 ba, dole kare ya zama da lasisi da allurar rigakafin haukan kare, kuma tun 1978 doka ta tilasta wa mai shi ya kwashe kashinsa, in ba haka ba tarar dala 250 ce. Karen da ke yi wa makaho ko naƙasasshe jagora shi doka ta ba shi izinin shiga wuraren jama'a, kada mu yi rigima da mai shi.

A Nima ko Aboabo, in kare ya nufo mutum, sai ya sunkuya kamar zai ɗauki dutse. A nan wannan dabara tana iya jawo cizo, ta kuma jawo faɗa da mai karen. Abin da ya fi damunmu shi ne yaro ya ga kare ya kwasa da gudu yana ihu, domin gudu ne ke sa kare ya bi mutum, ko da wasa yake nufi. Mu koya wa yara su tsaya cak, su sauke hannuwa, kada su zura masa ido, kada su taɓa shi sai mai shi ya yarda. Mu manya ma mu riƙe tsoronmu, yaro fuskar uwarsa yake dubawa.

In cizo ya faru, ko yaƙushi, nan take a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15. Kada a sa toka, gishiri ko man kaɗanya, kada a ce ai ƙarami ne. A karɓi sunan mai karen da lambar wayarsa, domin hukuma kan sa a lura da karen kwana 10 a ga ko lafiyarsa ƙalau. Sannan a tafi asibiti a ranar. Haƙorin kare na tura ƙwayoyin cuta can cikin nama, musamman a hannu, kuma mai ciwon sukari ciwonsa kan yi saurin ruɓewa. Likita zai duba ko ana bukatar allurar tetanos ko wani magani. Doka ta ce a sanar da Hukumar Lafiya ta birni cikin awa 24, ana iya kiran 311. Mun san wasu na gudun asibiti saboda takardu ko inshora. Asibitocin birni irin su Jacobi da Lincoln suna karɓar kowa, ko yana da takardu ko ba shi da su, ko yana da kuɗi ko babu.

Haukan kare kuwa, tun 2007 aka bayyana cewa nau'in da ke yawo tsakanin karnuka ya ƙare a Amurka. A nan jemage ne ke ɗauke da shi, da dabbar nan mai baƙin zane a ido da ke tone shara, wadda ake kira rakun. A gida labarin daban ne. Cutar na kashe mutane kusan 59,000 a shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kuma in alamunta sun bayyana da wuya a tsira. Duk wanda zai kai yara hutu Accra ko Kumasi, in kare ya ciji yaro, a fara allurar a can, kada a jira dawowa.

Sai yashin kansa. Kashin kare na iya barin ƙwan tsutsar ciki a ƙasa, ƙananan yara kuma komai baki suke kaiwa. A wanke musu hannu kafin a buɗe kular abinci, a zauna kan tabarma ko tawul. In kun je Labadi ko wani bakin teku a gida, yaro ya dawo da jan layi mai lanƙwasa a ƙafa yana ƙaiƙayi, tsutsa ce ta shiga fata daga yashi, kuma likita na da maganinta.