Gaya, ajin ilimin zamantakewa a bakin kogi

Bafaranshe Auguste Comte ne ya raɗa wa ilimin zamantakewa suna a 1838, amma Ibn Khaldun ya riga shi da fiye da shekara 450. Tun 1377 ya yi bayanin asabiyya a cikin Muƙaddima. Wanda yake son ganin darussan farko na fannin da idonsa, ya je Gaya ta jihar Doso a Nijar, ba ta Kano ba.

A fara da iyaka. Gada ɗaya ce tsakanin Gaya da Malanvil ta Benin, Kamba ta jihar Kebbi kuma tana nan kusa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe gadar, manyan motoci suka yi cirko-cirko. Mutane fa? Suka gangara bakin ruwa suka shiga kwale-kwale, da buhunansu da kajinsu, har da babura. Malaman fannin suna raba hukuma da al'umma, ga shi nan an gani: hukumomi sun ɓata, amma surukai ba su fasa zuwa suna ba.

Wani abin mamakin, waɗanda suka kafa garin ba su ke sarautarsa ba. Kyangawa ne mazauna na farko, tsafin ƙasa yana hannunsu, sarauta kuwa ta koma ga zuriyar Songai da suka mamaye yankin Dandi. Iko iri biyu ke nan a gari ɗaya, na mai ƙasa da na mai rawani.

Dandanci, harshen yankin, ya bi fataken goro har Kandi da Paraku da Jugu, ya zama harshen ciniki a can.

Inda na fi son a tsaya shi ne kasuwa. Masani Olivier Walther ya yi nazarin 'yan kasuwar Gaya da Malanvil da Kamba, ya fitar da littafinsa a 2008, kuma abin da ya nuna duk wani yaron shago ya san shi: jarin attajiri ba kuɗi kaɗai ba ne, har da mutane. Maigida yana da yara, yana da dillali a tsallake, yana da wanda zai ba shi kaya bashi babu ko takarda. Kafin a rufe gadar, dilolin gwanjo sukan sauka a tashar jiragen ruwan Kwatano, a ajiye su a rumbunan Gaya, daga baya su shiga Najeriya. A kowane zango akwai wanda aka amince wa, kuma ran da ya ci amana kasuwarsa ta mutu, ko alƙali bai ji ba. Abner Cohen ya ga irin wannan tsari na maigida tsakanin Hausawan Sabo a Ibadan, ya rubuta shi a 1969. Ni dai a ganina, babu abin da ya kai amana bayyana tattalin arzikin bakin iyaka.

Sai dokar takarda da dokar aiki. Masana na cibiyar LASDEL, wadda aka kafa a Yamai a 2001, sun daɗe suna nuna cewa ma'aikaci yakan saki ƙa'idar da aka rubuta ya bi wata da kowa ya sani ba a rubuce ba. Tambayi direban tirela, zai ƙirga maka ita shinge bayan shinge. Ɗaya daga cikin masanan da suka yi bincike kan mulki a Gaya, Nassirou Bako-Arifari, daga baya ya zama ministan harkokin wajen Benin, daga 2011 zuwa 2015.

Zagi ma yana da aikinsa. Bafulatani zai tare Ba'are a tsakiyar kasuwa ya kira shi bawansa, a bushe da dariya, kuma haramun ne a yi fushi. A 2014 UNESCO ta sa wannan wasan taubasantaka na Nijar cikin gadon al'adun duniya, don yana kashe wutar rikici tun ba ta kama ba.

Ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ku karanta Durkheim da Weber, amma idan hutu ya zo ku ɗauki littafi da alƙalami ku zo Gaya ku zauna da masu kwale-kwale da dillalai, ku rubuta mana abin da suka sani da Hausa.