Sharar Asibiti da Masu Ɗaukar Ta

Mafi yawan abin da asibiti ke zubarwa ba ya cutar da kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 85 cikin ɗari na sharar asibiti irin ta gida ce: takardu, kwalaye, ledoji, ragowar abincin majinyata. Haɗarin yana cikin kashi 15 da ya rage. Nan ne ake samun allurai da fasassun kwalabe, da auduga da bandejin da suka sha jini ko mugunya, da abin da ake cirewa a ɗakin tiyata, da magungunan da wa'adinsu ya ƙare, da sinadaran ɗakin gwaje-gwaje.

Kula da wannan shara ya rataya ne a kan kada kason nan biyu su haɗu. Wake ɗaya ke ɓata gari: bandeji guda mai jini in ya faɗa kwandon takardu, duk abin da ke ciki ya zama mai haɗari, kuma kuɗin sarrafa shi ya ƙaru. Shi ya sa ake raba shara tun a inda aka samar da ita, a gefen gadon majinyaci, da hannun wanda ya yi aikin. Launi ne jagora. Baƙar leda ta sharar yau da kullum ce, mai ruwan ɗorawa ta abin da zai iya yaɗa cuta, mai ruwan ƙasa ta magunguna da sinadarai. A Najeriya ana ware ja don abin da haɗarinsa ya fi tsanani. Allura kuwa akwatinta daban ne, mai kaurin da tsini ba zai huda ba, kuma da ya cika kashi uku cikin huɗu sai a rufe shi, ba a danna da hannu don a samu wuri.

Allura ta cancanci a tsaya a kanta. Ana yin allura kusan biliyan 16 a duniya kowace shekara. Wanda allurar da aka yi wa mai ciwon hanta nau'in B ta soka, yiwuwar ya kamu tana kai kashi 30 cikin ɗari. Nau'in C kashi 1.8, cutar ƙanjamau kashi 0.3. Mutane sun fi jin tsoron ƙanjamau, alhali ciwon hanta ya fi saurin kamu nesa ba kusa ba, kuma ƙwayar nau'in B tana iya yin mako guda da ranta a busasshen jini. Sau da yawa ma'aikaci na soke kansa ne wajen mayar da murfin allura bayan ya gama. Don haka aka hana. Daga jikin majinyaci sai akwati.

To, wa ya san wannan a asibiti? Likita da nas da ungozoma sun karanta a makaranta, ko da wasu kan yi sakaci idan aiki ya yi yawa. Amma wanda zai ɗaure ledar, ya ɗora ta a baro, ya kai ta bayan asibiti, mai shara ne. Shi ne mafi ƙarancin albashi, shi ake yawan mantawa da shi idan za a yi bita, sau tari ma ɗan kwangila ne da ba ya cikin jerin ma'aikata. Allurar da wani ya jefa cikin baƙar leda, hannunsa za ta samu. A ganina wannan rashin adalci ne. Mai shara ya kamata ya zama na farko a layin rigakafin ciwon hanta nau'in B, wadda allura uku ce kacal, a ba shi safar hannu mai kauri da takalmin roba, a kuma yi masa bayani da harshen da yake ji.

Ya kamata ya san abin yi idan allura ta soke shi: ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu, kada ya matse ko ya tsotsa, ya sanar da na gaba da shi nan take. Maganin kariya daga ƙanjamau ana fara shi ne cikin awa 72, kuma gara da wuri. Wanda ke tsoron faɗa ko kora sai ya yi shiru, lokacin ya wuce.

Sani kaɗai bai isa ba. Nas ɗin da ta haddace launuka amma baƙar leda kawai aka kawo mata, me za ta yi? Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya nuna cewa uku daga kowace cibiyar lafiya goma a duniya ba su da tsarin raba shara.

Bayan katanga ma akwai aiki. A lokacin zafi ba a barin shara mai cuta ta wuce awa 24 a ajiye. Ƙona ta a rami yana sakin hayaƙi mai guba, musamman daga robar ledar ƙarin ruwa. Murhun da ya dace sai zafinsa ya haura digiri 850. Abin da aka watsar a bola kuwa, yara da 'yan jari-bola ne ke tsintarsa. A 1987, a birnin Goiânia na ƙasar Brazil, wasu masu neman ƙarfe suka kwashe na'urar gashin cutar daji daga wani asibiti da aka yashe, suka fasa ta, garin guba mai ƙyalli da ke ciki ya bi hannuwa gida-gida. An gwada mutum fiye da 100,000, aka samu kusan 250 da gubar a jikinsu, huɗu suka rasu, aka kuma rushe gidaje da dama.