Lopez Lomong: Daga Gudun Ceton Rai Zuwa Riƙe Tutar Amurka

Ranar 8 ga Agusta, 2008, da 'yan wasan Amurka suka shigo fili a bikin buɗe gasar Olamfik a birnin Beijing, wanda ke gabansu riƙe da tuta wani saurayi ne ɗan shekara 23 mai suna Lopez Lomong, wanda shekara ɗaya kacal ke nan da zamansa ɗan ƙasar. Mu da muka saba karanta labaran Sudan a rediyo, kullum yaƙi da yunwa, mun daɗe ba mu ji labarin da ya tsaya mana a rai kamar nasa ba.

An haife shi a 1985 a ƙauyen Kimotong, yankin da yanzu yake cikin Sudan ta Kudu. Yana ɗan shekara shida 'yan bindiga suka far wa cocinsu ana cikin ibada, suka kwashe yara don mayar da su sojoji. Wasu samari ne suka taimaka masa ya tsere da dare. Kwana uku suna gudu cikin daji har suka faɗa Kenya, inda ya shafe shekara goma a sansanin 'yan gudun hijira na Kakuma. Iyayensa tuni sun fid da rai.

Kamar yadda ya bayar da labari a littafinsa na 2012, a sansanin sau ɗaya ake cin abinci a rana, kuma kafin a bar yaro ya buga ƙwallo sai ya zagaye sansanin da gudu, kusan kilomita 30. A shekarar 2000 ya biya sule biyar na Kenya don kallon talabijin, ya ga Michael Johnson ya lashe tseren mita 400 a Sidni. Nan ya gane ashe ana gudu ba don an biyo mutum ba.

A 2001 aka kai shi jihar New York. Ya yi karatu a Jami'ar Arewacin Arizona, kuma a 2007 ya zama zakaran mita 1,500 na jami'o'in ƙasar. A gasar tantancewa ta 2008 ya zo na uku. Abin lura, duka ukun da suka wakilci Amurka a wannan tsere ba a can aka haife su ba: Bernard Lagat a Kenya, Leonel Manzano a Meziko, sai shi.

Ba shi tuta kuwa bai rasa nasaba da siyasa ba, a ganinmu. Lomong yana cikin ƙungiyar 'yan wasa ta Team Darfur, a lokacin da ake zargin Sin, mai masaukin baƙi, da ɗaure wa gwamnatin Khartoum gindi. Shugabannin 'yan wasan Amurka da kansu suka zaɓe shi.

Gaskiya dai, bai taɓa cin lambar Olamfik ba. A Beijing zagayen kusa da na ƙarshe ya tsaya. A 2012, a wani tseren mita 5,000 a Stanford, lissafi ya kwace masa, ya tsaya yana zaton ya gama alhali saura zagaye ɗaya. Da 'yan kallo suka yi ta masa ihu sai ya sake zabura, kuma duk da haka shi ya zo na ɗaya. A Landan a wannan shekarar ya zo na goma. Sai a 2019, yana ɗan shekara 34, ya haɗa kambun Amurka na mita 5,000 da na 10,000, sannan ya zo na bakwai a gasar duniya a Doha.