Gwajin Hali: Amfaninsa da Iyakarsa

'Yan'uwa, a wasu tarurrukan horar da ma'aikatan ikilisiya akan raba takarda mai tambayoyi. Ka fi son taron jama'a ko zama kai kaɗai? Kakan shirya aiki tun da wuri, ko sai ya matso? Daga amsoshinka sai a faɗi irin halinka. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne Myers-Briggs, wanda wata Ba'amurkiya da 'yarta suka tsara a shekarun 1940. Ya kasa mutane kashi 16.

Yana da amfani wajen raba aiki a ƙungiyar manoma. Mai shiru da ake zargi da girman kai, wataƙila shi ya dace da riƙe littafin lissafi, mai baki kuwa a aike shi cinikin taki.

Amma mutum ne ke ba da shaida a kan kansa, kuma yakan faɗi abin da yake so ya zama. Da yawa in sun sāke gwajin bayan 'yan makonni sukan faɗa wani kashi dabam. Ba ya auna amana, don haka kada a zaɓi ma'aji da shi. Mai fushi kuma kada ya fake da takarda ya ƙi tuba.

Hali yakan sāke. Bulus ya ƙi tafiya da Markus domin ya bar su a Bamfiliya. Daga baya, yana kurkuku, ya roƙi Timoti ya kawo masa shi domin yana da amfani a hidima.