Gudun Ofis Ko Bin Araha? Nazari Kan Masu Yawon Duniya Da Kwamfuta

A watan Yulin 2020, lokacin da annobar korona ta bar otal-otal wayam, gwamnatin Barbados ƙarƙashin Firaminista Mia Mottley ta fito da wata dabara. Duk baƙon da ke samun dala 50,000 a shekara daga aikin da yake yi ta intanet, ya biya dala 2,000 a ba shi izinin zama na shekara guda a tsibirin. Wata guda bayan haka Estoniya ta bi sahu. Kafin a ankara, Kuroshiya da Fotugal da Sifen sun buɗe irin wannan biza, a Afirka kuma Morishas da Namibiya suka shiga layi. A 2024 Tailan ta kawo tata mai wa'adin shekara biyar.

Tunanin ya girmi annobar. Tun a 1997 wasu marubuta biyu, Tsugio Makimoto da David Manners, suka yi hasashen cewa na'urori za su raba ma'aikaci da teburinsa. Korona ce dai ta mai da hasashen zahiri, domin kamfanoni sun ga da idonsu cewa aiki bai tsaya ba don an kulle ofis.

Idan ka tambayi masu yawon duniya da kwamfuta, amsarsu kusan guda ce: sun gaji. Sun gaji da cunkoson safe da yamma, da maigida mai auna ƙwazo da yawan zaman kujera, da hutun da bai wuce 'yan makonni ba. A Amurka ma dokar tarayya ba ta wajabta wa kamfani ya ba ma'aikaci hutun shekara da albashi ba. Suna cewa wane ne ya ba ka tabbacin za ka kai shekarun ritaya da lafiyar gwiwa? Mutanen ofis kuma suna ce musu 'yan gudun nauyi, waɗanda za su tsufa ba gida ba fansho.

Wannan jayayya tana da daɗin ji, amma ta kauce wa ainihin abin da ke juya akalar lamarin, wato bambancin darajar kuɗi. Da sha'awar ganin duniya ce kawai, da mun ga waɗannan mutane sun cika Zurik da Oslo. Ba can suke ba. Suna Chiang Mai a Tailan, da Canggu a tsibirin Bali, da Medelin a Kolambiya, da Lisbon, da birnin Meziko. Abin da ya haɗa wuraren shi ne intanet mai ƙarfi da rayuwa mai araha ga wanda ake biya da dala ko fam. Albashin da ba ya isar matashi hayar ɗaki ɗaya a Landan ko San Faransisko, a Chiang Mai zai kama masa gida, ya ci abincin waje kullum, har ya yi ajiya. Cin rani ne aka juya shi: ɗan cirani yakan bar ƙauye ya tafi inda kuɗi yake don ya samo, su kuwa sun baro inda kuɗi yake, da kuɗin a aljihu, sun tafi inda zai yi auki. Saboda haka da yawansu ba su bar aikin ofis ba ko kaɗan. Ofishin suka ɗauko suka sa a jaka.

Wanda ya fara ɗanɗana kuɗarsa shi ne mai masauki. Don samun bizar Fotugal, sai mutum ya nuna yana samun ninki huɗu na mafi ƙarancin albashin ƙasar. A 2024 wannan albashi yuro 820 ne a wata, ke nan baƙon yana shigowa da aƙalla yuro 3,280. A kasuwar haya guda suke neman ɗaki da ɗan ƙasa, kuma ba sai an faɗi wanda mai gida zai zaɓa ba. A birnin Meziko, hukumar birnin ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin hayar masauki na Airbnb a 2022 don jawo irin waɗannan baƙi, lokacin Claudia Sheinbaum ce ke mulkinsa. A Yulin 2025, tana shugabar ƙasa, matasa suka fito zanga-zanga a unguwannin Condesa da Roma kan tsadar haya, har aka farfasa gilasan shaguna. Ba adalci ba ne a ɗora wa baƙi laifin duka, domin ƙarancin gidaje ya riga su zuwa. Sai dai su ne aka fi gani, suna zaune a shagon kofi da kwamfuta a unguwar da haya ta kori wanda aka haifa a cikinta.

Su ma matafiyan ba a bagas suke ci ba. Ƙasashe da yawa suna ɗaukar wanda ya zauna kwana 183 a shekara a matsayin mai biyan haraji, shi ya sa wasu ke ta tsalle daga iyaka zuwa iyaka. Ga batun asibiti, ga zumuncin da ke yankewa duk bayan 'yan watanni. Kamfanoni kuma sun fara jan linzami: daga Janairun 2025 Amazon ta umarci ma'aikatan ofishinta su dawo kwana biyar a mako.

Akwai kuma abin da masu tallata wannan rayuwa ba su cika ambata ba, shi ne fasfo. Bajamushe ko Bajafane yakan sayi tikiti yau ya sauka a mafi yawan ƙasashen duniya gobe. Matashin Kano ko Yamai mai rubuta manhaja, ko da kamfanin Turai ke biyansa da yuro, sai ya bi layin ofishin jakadanci da takardun banki, ya biya kuɗin biza da ba a mayarwa idan an hana shi. A wurinsa lissafin ma ya sha bamban. Arahar da Ba'amurke ke ƙetare teku yana nema, shi tana ƙofar gidansa, matuƙar dala na shigowa. Abin da ke gabansa shi ne wutar lantarki da data, don haka kuɗin tikitin yakan ƙare ne a kan sola da batir.