Na'urar tsabta mai tururi: a dubi ɗaki, a dubi wuta, a dubi ruwa kafin a saya

A ƴan shekarun nan wata baƙuwar na'ura ta fara samun wurin zama a kantunan kayan wuta na biranenmu, kusa da dutsen guga da injin markaɗe. A jikin kwalinta akan rubuta «nettoyeur vapeur», wato na'urar tsabta mai aiki da tururi. Masu talla ta wayar hannu suna nuna yadda maiƙon da ya shekara a jikin murhu ke narkewa cikin ƙiftawar ido, har wasu iyaye mata sun fara lissafa ta cikin kayan ɗakin amarya. Ganin kuɗin da ake zubawa ba kaɗan ba ne, muka ga ya dace mu yi wa masu karatu bayani dalla-dalla, domin an ƙera na'urar ne don gidajen Turai, kuma ba kowane gida namu ne zai ci moriyarta ba.

Aikinta ba shi da wuyar fahimta. A cikinta akwai ƴar tukunya rufaffiya wadda wutar lantarki ke dafa ruwa a ciki. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa a digiri 100, amma idan an toshe shi matsi ya ƙaru zuwa bar 3 ko 4, zafinsa yakan kai wajen digiri 140. Wannan tururi ne ke fita ta bakin tiyo, ya narkar da maiƙo, ya sassauta dattin da ya daskare, ya kuma kashe ƙwayoyin cuta da ƙananan ƙwari, ba tare da sabulu ba. Sai dai ga abin da mai kanti ba ya cika faɗa: na'urar ba ta zuƙe datti. Tana tayar da shi ne kawai, tsumman da aka ɗaura a bakinta ko wanda ke hannun uwargida shi ke kwashewa. A ƙasar da ƙurar hunturu ke kwana a kan kujera da taga tun daga Nuwamba har Fabrairu, wannan babbar magana ce. Tururi a kan ƙura caɓi yake zama. Tsintsiya tana nan daram, ita za ta fara shiga ɗaki.

Akwai kuma ruɗanin suna. Ƴar ƙarama ta hannu, mai kamar buta, ruwanta bai wuce kofi ɗaya ko biyu ba, cikin ƴan mintoci ya ƙare; ta dace da bakin famfo da lungun murhu. Mai kamar sandar goge ƙasa, «balai vapeur», ƙasa kaɗai ta sani. Mai ƙafafu da dogon tiyo, wadda ake ja a baya, ita ce ke yin ayyuka da yawa, irin su jerin SC na kamfanin Kärcher na Jamus ko Vaporetto na kamfanin Polti na Italiya. Amma «défroisseur» na miƙar da tufafi ne, tururinsa ba shi da matsi. Sannan injin wanke kafet, wanda ke fesa ruwan sabulu ya sake zuƙe shi, a Amurka sukan laƙaba masa sunan tururi alhali ba tururi yake fitarwa ba. Wanda damuwarsa kafet ce da yara suka ɓata, wannan injin ne ya fi buƙata.

Kafin a je kanti, a tsaya a dubi ƙasan ɗaki. Idan karo ne, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira tayil, to an dace: baƙin dattin da ke maƙalewa a tsakanin layukansa, wanda buroshi ya gaza, nan ne tururi ke nuna gwanintarsa, haka ma bangon makewayi da na madafa. Siminti mai santsi ma yana jurewa. Idan kuwa leda ce aka shimfiɗa, zafi zai sa ta kumbura, gam ɗinta ya saki. Daɓen ƙasa ba a ma maganarsa. Katako maras fenti yana shan laima ya kumbura, mai sheƙi kuma ya yi fari-fari. Kayan fata irin na Agadas da tumtum, da karan-miski, da siliki, duk a nisanta su da tururi. Gidan da yawancin ɗakunansa leda ce da tabarma, a ganinmu, gara ya riƙe kuɗinsa.

Sai maganar kuran, wadda a nan ne mutane da yawa ke yin asara. Mayar da tafasasshen ruwa tururi yana cin zafi fiye da ninki biyar na wanda ake buƙata a ɗaga ruwan daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. Shi ya sa waɗannan na'urori ke jan wuta tsakanin wat 1000 da 2000. A bolt 220 da muke amfani da shi, na'ura mai wat 1500 tana jan kusan ampiya 7, mai wat 2000 kuwa ampiya 9. Gidan da aka tsayar da mitarsa a ampiya 5 ba zai wuce wat 1100 ba gaba ɗaya, har da firiji da fanka. Da an kunna na'urar wuta za ta yanke. Ƙaramin janareta mai wat 650 ko 950 ba zai ɗauke ta ba, haka ma ƙaramar sola da aka kafa don fitilu da talabijin. Ta fuskar kuɗi kuwa, minti 40 na aikin mai wat 1500 daidai yake da kilowat ɗaya a takardar wuta.

A juya na'urar a karanta ƴar takardar da ke manne a gindinta. Idan an ga 220 zuwa 240 kafin harafin V, ta dace da mu. Idan an ga 110 ko 120, ta Amurka ce ko Kanada, kuma irinta suna shigowa cikin kayan gwanjo. Cusa ta a soket ɗinmu ƙona ta ne nan take, na'urar rage wutar da za ta iya ɗaukar ta kuma wani kuɗin ne mai nauyi. A lura da kan wayar: mai ƙafa uku masu kusurwa ta tsarin Ingila ce, irin wadda ake amfani da ita a Najeriya, ba ta shiga soket mai ramuka zagaye sai da mahaɗi, kuma mahaɗi mai araha ko siririyar wayar ƙari suna zafi har su narke a ƙarƙashin irin wannan nauyi.

Ruwa ma sai an bincika. A leƙa gindin butar da ake dafa ruwan shayi. Idan farin ɓawo ya kama ta, wannan ɓawon ne zai toshe na'urar sannu a hankali, tururi ya ragu, wuta ta ƙaru. Ruwan rijiya da na burtsatse sun fi yawan wannan matsala, ruwan garuwa kuma sau da yawa da yashi a ciki, sai an bar shi ya kwanta an tace. Wasu na'urori suna da matacin da ake sauyawa lokaci-lokaci. Kafin a saya a tambayi mai kanti ko yana sayar da shi, a kuma ce ya nuna. Wasu kuwa akan wanke tukunyarsu da maganin da kamfani ya tanada. Muna roƙon iyaye mata da babbar murya: kada a zuba turare, ko humra, ko garin sabulu, ko ruwan jabel a cikin tankin. Turare yana toshe tiyo, sabulu yana kumfa ya feso ruwan zafi, jabel kuwa idan ya ji wuta hayaƙinsa illa ne ga ƙirji da ido.

Akwai wuri guda da muke ganin na'urar ta cancanci kuɗinta ko da ba ta yi wani aikin ba, wato yaƙi da kuɗin-cizo, wanda wasu ke kira gazunzumi. Ba cutar talaka ba ce, ba kuma alamar ƙazanta ba: a shekarar 2023 hukumar ANSES ta Faransa ta bayyana cewa fiye da gida ɗaya cikin goma a ƙasar ya yi fama da shi tsakanin 2017 da 2022. Ƙwaron ya saba da yawancin magungunan feshi, abin da ke tura mutane ga guba irin Sniper da fiya-fiya, masu sinadarin da Faransa ta haramta amfani da shi a gidaje tun 2013, wanda kuma shaƙarsa a rufaffen ɗaki ke iya kisa, musamman ga yara. Zafi kuwa ba ya barin babba ba ya barin ƙwai. Digiri 60 ya ishe su. Sharaɗin shi ne a bi ɗinkin katifa da ramukan gado a hankali, baki dab da wurin, domin tururi yana hucewa da zarar ya yi nisan taƙi guda. A maimaita bayan mako ɗaya ko biyu, a fitar da katifar rana ta bushe sarai. Ƴar ƙarama ta hannu ba ta wannan aiki, ruwanta yana ƙarewa kafin a gama gefe ɗaya.

Game da darduma da kafet ɗin da ake salla a kai, a kiyaye. Idan yaro ya yi fitsari, ko jini ya ɗiga, zafi yana dafa tabon ne ya kama zare, warin ma ya zauna. Malamanmu na Malikiyya kuma sun karantar da mu cewa da ruwa mai tsarki ake gusar da najasa. Saboda haka a fara wankewa da ruwan sanyi har ta gushe, tururi ya biyo baya idan ana so.

Lambobin da ke jikin kwali ba duka ne abin dogaro ba. Alƙawarin kashe kashi 99.9 cikin ɗari na ƙwayoyin cuta an auna shi ne a ɗakin gwaji, a kan abu mai tauri da santsi. Bai shafi katifa ko kujerar soso ba. Lambobi biyu ne suka fi amfani: matsi, wanda bai kamata ya gaza bar 3 ba, da yawan tururin da ke fita a minti, wanda ake rubutawa da giram. A nan ma a nemi adadin da take fitarwa a kai a kai, domin kamfanoni sun fi son buga na feshi ɗaya mai ƙarfi. A tambaya kuma ko ana iya ƙara ruwa tana cikin aiki. Wadda ba ta da wannan, sai an kashe ta an jira ta huce kafin a buɗe murfi, kuma gaggawar buɗewa tun da zafi hanya ce ta ƙonewa. Ƙunar tururi ta fi ta tafasasshen ruwa muni, saboda wancan ɓoyayyen zafin da muka ambata yana sauka ne gaba ɗaya a kan fata. A gidan da yara ke rarrafe, kada a sayi wadda ba ta da makullin kunama da murfin da ba ya buɗuwa sai matsi ya sauka, kada kuma a miƙa ta ga ƴar aiki ƙarama ba tare da an koya mata ba.

A kanti, a nemi a zuba ruwa a kunna ta a gaban mai saye. A duba ko tururi na tsiyaya ta gefen murfi ko mahaɗar tiyo, domin robar da ke wurin ita ce ke fara lalacewa a zafin ƙasarmu. A ƙirga tsummoki da burosai, a karɓi rasit mai ɗauke da wa'adin garanti, a kuma tambayi wanda zai gyara ta a garin idan ta tsaya. Tun da a yawancin gidaje aikinta bai wuce sau ƴan kaɗan a wata ba, gida uku ko huɗu na dangi ko maƙwabta suna iya haɗa kuɗi su sayi mai ƙafafu guda ɗaya mai inganci, kowane gida ya tanadi tsummokinsa, a ajiye ta a gidan da mitarsa ta fi ƙarfi.