Masallacin Amru a Zanen Gérôme

A Hausa kalma ɗaya ce, watau hoto, mu ke kiran abin da na'ura ta ɗauka da wanda mai zane ya yi da hannunsa. Wannan ya kan sa ɗalibi ya ɗauki kowane zane mai kama da zahiri a matsayin shaida. Ga misali wanda ya kamata malami ya nuna wa ajinsa.

A 1871 Jean-Léon Gérôme, Bafaranshe, ya zana salla a cikin masallacin Amru ɗan Asi na tsohuwar Alƙahira, wanda a ka kafa wajen 641. Zanen yana gidan adana na Metropolitan a New York.

A fara duban ginin tukuna. Ginshiƙan marmara sun jeru, kowane na baya ya fi na gabansa ƙanƙanta, har ido ya ga zurfi a kan shimfiɗaɗɗen ƙyalle. Bisansu ga bakuna, ga katakan da su ka ɗaure ginshiƙi da ginshiƙi, ga fitilu na reto. Sahun masallata ya bi layin ginshiƙan sosai, sai ka ce da su a ka auna shi. A ganina nan gwanintarsa ta ke, ba a tufafin basaraken da ke gaba ba.

Amma fa lokacin da Gérôme ya je Masar a 1868 an riga an daina amfani da masallacin, da wuya a ce ya ga jam'i a ciki. Masana sun fi zaton harhaɗa shi ya yi daga zayyane-zayyanensa na tafiya da hotunan na'ura. Saboda haka a tambayi ɗalibai: wane sashe ne ya gani, wane ne ya ƙaga?